Sunan Mamaci a Saman Allo

Duk wanda ya zauna a Sabon Garin Wudil ya san Malam Abdulbaƙi, ko da bai riƙe sunan ba. Shi ne dogon nan siriri mai tsohon babur, wanda in ya tsaya gaishe ka sai ya bi mutanen gidanku ɗaya bayan ɗaya har ya gangaro kan tumaki, amma kai in ka tambayi nasa sai ya ce "alhamdu lillahi" ya ja bakinsa ya tsuke. A wurin aiki Mai Baƙin Allo ake ce masa. Ba a taɓa jin ya yi sa-in-sa da kowa ba, ba a taɓa kama shi da ko allurar wani ba. To, wannan bawan Allah shi ne ya tare wa wata 'yar Indabo hanyar karatu. Bai ɗaga mata murya ba, bai ko harare ta ba, kuma har yau abin yana cin sa.

Haifaffen Ɗankaza ne, ɗan Malam Auwalu manomi. A duk yankin nan in ana maganar amana sai an ambaci Malam Auwalu, saboda wani abu da ya faru tun Abdulbaƙi yana ƙarami. Maƙwabcinsa ne ya rasu da tsakiyar damina, manyan 'ya'yansa suna can kudu wurin neman abinci. Iska ta yaye jinkar rumbun mamacin, ruwa ya riƙa sauka a kan dawa. Mutane suka ce, Malam, kwashe ta mana ka kai naka rumbun kafin yaran su dawo. Ya ce shi kam ba zai sa hannu a dukiyar marayu ba sai magada sun zo. Kullum da safe sai ya je ya leƙa rumbun, ya yi salati, ya dawo gida. Kafin magadan su iso dawa ta tsiro, ta ƙasa kuma ta ruɓe. Amma ka san mutanenmu! Har gobe cewa suke, "Kai, Malam Auwalu, ko ƙwaya ɗaya bai taɓa ba." Ban taɓa jin wanda ya tsaya ya tambayi abin da marayun suka ci a shekarar ba. Da wannan labarin Abdulbaƙi ya tashi, kuma a matsayin yabo ya ji shi.

Ya yi sakandare a Wudil, ya zauna shekaru a wani shagon buga takardu na bakin kasuwa, a nan hannunsa ya faɗa da kwamfuta. Daga baya ya yo difloma a Kano, ya dawo ya sami aiki a wata ƙaramar kwaleji da ke gefen gari, wadda ba sai na kama suna ba. Aka damƙa masa saba. Ita saba kwamfuta ce, sai dai ba irin ta kan tebur ba. Wani baƙin akwati ne a wani ɗan ɗaki mai sanyi, kuma rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa da komai na makarantar a cikinta yake. Guda ɗaya ce tal, ta kuma tsufa. Ba ta da hotunan da ake dannawa. In kana son magana da ita sai ka zauna gaban baƙin allo ka rubuta mata umarni, ta amsa maka da fararen haruffa.

Kullum da safe haka yake yi. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya zauna, ya yi bisimilla, ya rubuta haruffa uku, top, ya danna. Nan take allon zai cika da ayyukan da sabar take yi a wannan lokacin, kowane aiki da layinsa, ga lambarsa, ga sunan wanda ya ɗora shi, ga kuma kason da yake ci daga ƙarfin furosesa, wato ƙwaƙwalwar da take yi wa na'urar lissafi. Mai cin da yawa shi yake hayewa sama. Layukan ba sa zama wuri ɗaya, wannan ya hau wancan ya sauka, shi kuwa ya zuba tagumi yana kallo. In sabon ma'aikaci ya tambaye shi me yake gani a wannan duhun, sai ya ce, "Akushi ɗaya ne, hannu da yawa. Aikina in ga wa yake yanko lomar da ta fi bakinsa." In ya ga mai irin wannan lomar, ba ya kashe masa aiki kai tsaye. Sai ya kira shi a waya, a gaisa tukuna, a tambayi iyali, sannan ya ce don Allah a ɗan sassauta.

Mutum ɗaya ne yake shigar masa ɗakin nan ba sallama, shi ne Ƙasimu, malamin aikin gona, mutumin Azare. Gajere ne, ga surutu, ga dariya har da buga ƙafa. Shi ne zai faɗo da ƙunshin soyayyen kifin bakin gada, ya baje a kan teburin da aka hana kowa cin abinci a kai, ya ce, "Sarkin Saba, sauko ka ci, matarka ta baƙin akwati ba ta iya girki ba." Abdulbaƙi ya yi ta mita yana ci. Ba shi da wani aboki sama da shi a duniya.

Ƙasimu yana karatun digirin dakta, kuma aikinsa a kan kogin nan namu ne. Ya tattaro bayanan ruwan sama da cikar kogi na shekaru masu yawa, yana so na'ura ta lissafa masa waɗanne fadamu ne ambaliya take fara ci, kuma yaushe. 'Yar kwamfutarsa ta kasa, shi ya sa ya zo ya roƙi a ɗora aikin a kan saba lokacin hutu, sa'ad da ba kowa. Abdulbaƙi ya yarda. Ranar da suka tayar da shi, sunan ya haye saman allo da ƙananan haruffa, kasimu, kashi casa'in da wani abu a gabansa, fankar sabar ta kama gurnani.

"Kai, wannan ai ba loma ba ce, akushin ka ɗauke gaba ɗaya," in ji Abdulbaƙi. "Yaushe zai gama?"

"Kafin ɗalibai su dawo, in sha Allahu. Amma tsaya ka ji." Ƙasimu ya daina dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. "Ni na rubuta shi da hannuna, kuma ka san ni ba gwani ba ne. Ba ya ajiye komai sai ya kai ƙarshe. In ya mutu a hanya, sai daga farko. Don girman Allah kada ka taɓa mini shi. Amana na ba ka."

"Na karɓa."

Ba a yi nisa ba zazzaɓi ya kwantar da Ƙasimu. Aka ce shawara ce, aka ce taifot ce, aka kai shi Kano. Wata ranar Talata da hantsi aka dawo da shi a bayan mota, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Ya bar matarsa Hansai da yara ƙanana. Abdulbaƙi yana cikin waɗanda suka sa shi a kabari, kuma idonsa a bushe ya dawo, har mutane suna yaba dauriyarsa.

Washegari ya tuɓe takalmi, ya zauna, ya rubuta top kamar kullum. Sai ga shi a layin farko. Kasimu. Kashi casa'in da bakwai, ya koma da takwas, ya dawo da bakwai, yana motsi. Allah sarki! A nan ne kukan ya zo masa. Ya kifa kai a kan teburin da har yanzu yake da tabon man kifi, ya yi mai isarsa. Da ya ɗago ya share fuska, ya riga ya yanke hukunci a ransa. Abin da aka ba shi amana ya zama wasiyya, aikin kuma ya zama dukiyar marayu, ba mai taɓa shi sai ya gama da kansa.

Ya kuwa tsare shi ba ji ba gani. In wutar gari ta ɗauke aka koma kan batiran sola, sai ya kashe fankar ofishinsa da fitila don kada su ja, ya zauna yana ɗigar gumi. Ya hana mai shara kusantar wayoyin. Sau nawa yake leƙa allon a wuni, shi kansa bai sani ba.

Hutu ya ƙare, aikin bai gama ba.

Sababbin ɗalibai suka zo rajista, daidai lokacin da ake yankan shinkafa. Layi ya miƙe daga ɗakin rajista har gindin darbejiyoyin bakin ƙofa. Tsarin shi ne a shigar da sunanka da takardunka, a ɗauki hotonka da zanen yatsa, sannan a tura wa saba ta karɓa. To ina ƙarfin da za ta karɓa da shi? Sai a cika komai tiryan-tiryan, a zo shafin ƙarshe, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa, ta yi ta juyawa, can sai ta yanke, a koma farko. Mai sa'a ya wuce, goma su tsaya. Magatakarda ya aiko a kira Mai Baƙin Allo, ya ce me yake faruwa ne?

"Ranka ya daɗe, netwok ne."

Shi ke nan. A ƙasar nan in ka ce netwok ne ai magana ta ƙare, ba wanda zai ce ka nuna masa. Wannan ce ƙarya ta farko da Abdulbaƙi ya yi a bakin aikinsa. Abin haushin ma, ya san mafita sarai. Akwai umarnin da ba ya kashe aiki, kwantar da shi kawai yake yi, in an ga dama a tashe shi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ya sha yi wa ayyukan wasu. Amma mamacin cewa ya yi kada a taɓa, bai ce a taɓa kaɗan ba. In kuma aka kwantar da shi ya ƙi tashi fa? Da wane ido zai kalli Hansai? Sai ya ce wa kansa gobe zai gama. Gobe ta yi, ya sake faɗar haka.

A cikin wannan layin ne wani dattijo mai farin gemu, ƙafarsa duk taɓon fadama, ya riƙa tambaya wane ne babba a kan na'urar, har aka nuna masa ƙofar ɗaki mai sanyi. Malam Nu'uman ke nan daga Indabo. A bayansa ga 'yarsa Rahinatu da shuɗin hijabi, ta rungume takardunta a cikin leda. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi gida da gona da ruwan bana. Dattijon ya ce daga ina? Aka ce Ɗankaza. Ɗan wa?

"Ɗan Malam Auwalu, Baba."

"Auwalu mai rumbu? Allahu akbar!" Ya kama hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki. "Ashe gida muka zo. Rahinatu, kwantar da hankalinki, ɗan amana ne. Ɗana, ga ƙanwarka nan."

Rahinatu lafiyar dabbobi take son karanta. A Indabo tun tana sakandare mata suke kawo mata akuyar da ta ƙi kiwo ko tunkiyar da haihuwa ta zo wa da gardama, ita kuma tana yin iya abin da ta gani a wurin malaman dabbobi ranar kasuwa. Ita ce ta farko a gidansu da ta kai wannan matakin. Uban bai ɓoye komai ba, a tsaye a bakin ƙofa ya zayyana.

"Ni ban hana ba, ban kuma sa ba. Uwarta ce ta matsa. Sai na yi istihara, na ce ya Allah, in karatun nan alheri ne gare ta ka sauƙaƙa, in ba alheri ba ne ka tare hanyar. Yanzu ido na zuba. Jiya mun wuni a nan abin ya ƙi, yau ga mu. Shinkafa kuma tana can tana zuba a gona."

Abdulbaƙi ya ji maganar nan da kunnensa, ba wani ne ya ba shi labari ba. Ya gane abin da take nufi sarai. Duk sanda da'irar nan ta juya ta yanke, dattijon amsar addu'arsa yake karantawa. Abdulbaƙi ya ce su ba shi minti kaɗan, ya shiga ya rufe ƙofa, ya rubuta top. Sunan yana nan a sama yana motsi. Ya ɗora yatsunsa a kan maɓallai, ya daɗe a haka, sannan ya janye su ya fito.

Wai don ya rage wa kansa nauyi, sai ya zaunar da Rahinatu a teburinsa ya cika mata da hannunsa. Suna, gari, takardu, hoto, yatsa. Aka zo shafin ƙarshe, abin ya juya ya yanke. Ya sake, ya yanke. Yarinyar ta gyara hijabinta, ta ce da 'yar ƙaramar murya, "Malam, ko a sake ɗaukar hoton? Wataƙila fuskata ce ba ta karɓa ba."

Kai jama'a! Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige. Amma me ya ce? Ya ce, "A'a ƙanwata, netwok ne. Ku dawo gobe."

Suka dawo, ranar Alhamis. Wannan karon Malam Nu'uman ya ɗauro ɗan buhun sabuwar shinkafa a bayan babur, ya sauke a ƙofar ofis, ya ce ba yawa, a kai wa iyali, saboda ɗawainiyar da ake yi da su. Abdulbaƙi ya ce a'a, dattijon ya rantse. Suka wuni a gindin darbejiya, abin ya ƙi. Da la'asar dattijon ya zo sallama, ya yi ta godiya, ya yi ta sa albarka, ya yi wa Malam Auwalu addu'a a kabarinsa. Bai ce sai gobe ba. Cewa ya yi, "To ɗana, mun gani. Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Rahinatu ta hau bayan babur ba ta waiwayo ba.

Khadija, matar Abdulbaƙi, ta dafa shinkafar a ranar, da mai da yaji, ƙanshinta ya cika gidan. Bayan magariba ta ajiye masa, ya kai loma ɗaya ya janye hannu. Ta zuba masa ido. Khadija ba ta iya kwana-kwana ba, kuma ta gaji da ganin sa yana yawo a gida kamar marar lafiya. Ta matsa, ya faɗa mata komai.

"Baban Sadiƙ, tsakaninka da Allah," ta ce, "da Ƙasimu yana raye, Allah ya ji ƙansa, ya ga layin nan, me zai ce maka?"

"Da yana raye ai da na tambaye shi."

"To ga matarsa nan bayan masallaci. Me ya hana ka tambaye ta?"

"Tana takaba."

"Takaba ta hana ta jin magana ta bayan labule? Haba Malam! Ka ce wa magatakarda netwok, ka ce wa tsohon mutane netwok, ni ma yanzu netwok ɗin za ka ce mini? Ka karɓi shinkafar bawan Allah ka kawo mini na dafa!"

Gaskiyar dai ba ta faɗuwa. Bai je wurin Hansai ba ne saboda ya san za ta ce a dakatar, shi kuma ba ya so. Muddin sunan nan yana saman allo yana motsi, to Ƙasimu bai gama tafiya ba, kullum da safe akwai inda za su haɗu. Ya kira abin amana, ya kira shi wasiyya, ya jingina shi da marayu, alhali kewar abokinsa ce kawai ya kasa haɗiyewa, wata kuma can ita take biya. Ya ture kwanon ya tashi.

Ranar Juma'a tun kafin masu shara su zo yana ɗakin. Ya rubuta top, ya dubi lambar aikin. Ya ce, "Ka yafe mini, Ƙasimu." Ya rubuta umarnin kwantarwa, ya sa lambar a gaba, ya danna. Sunan ya sulale daga sama ya ɓace a cikin na ƙasa. Kason ya faɗo daga casa'in da wani abu zuwa abin da bai kai goma ba. Fankar da ta yi makonni tana gurnani ta yi laƙwas, ɗakin ya yi tsit har yana jin numfashinsa.

A ɗakin rajista kuwa sai murna. Kana dannawa ta karɓa, kana dannawa ta karɓa. Masu aikin suna ta cewa yau netwok ya yi kyau. Kafin a tashi tafiya masallaci layin nan duk ya narke. Abdulbaƙi yana tsaye a bakin ƙofa yana bin duk shuɗin hijabi da kallo. Ba ta zo ba.

Ana sallame Juma'a ya tura babur ya kama hanyar Indabo. A fadama ya same su. Malam Nu'uman da 'ya'yansa maza suna bugun shinkafa a jikin tsohuwar ganga, mata suna sheƙe a gefe, Rahinatu a cikinsu, ƙaiƙayi duk ya hau mata hijabi. Dattijon ya yi mamaki, ya shimfiɗa masa buhu a inuwa. Abdulbaƙi bai bari gaisuwar ta yi tsawo ba, karo na farko a rayuwarsa. Ya durƙusa ya faɗi komai, tun daga kifin Ƙasimu har zuwa safiyar ranar. Ya ce ba netwok ba ne, Baba, ni ne. Ƙarya na yi muku. Ƙofa a buɗe take har mako mai zuwa, gobe ni da kaina zan zo in ɗauke ta, ko minti biyar ba za a yi ba.

Malam Nu'uman ya saurara har ƙarshe yana shafa gemu. Abdulbaƙi ya sunkuyar da kai yana jiran faɗa, wallahi har so yake a yi masa. Sai ya ji dattijon ya ce, "Allahu akbar. Ashe dai ɗan Auwalu ne da gaske. Amanar mamaci ka riƙe har ka rasa sukuni. Irinku sun yi ƙaranci, ɗana."

"Baba, ba yabo na zo nema ba. Zalunci na yi."

"Ƙaryar dai ka nemi gafarar Allah, ni na yafe. Amma batun karatu, ka bar shi. Na roƙi Allah ya nuna mini, ya kuma nuna. Ko ta hannunka ya tare, ko ta hannun netwok, ni a wurina duk ɗaya ne. Wa ya sa abokinka ya ɗora aikin? Wa ya ɗauke shi a lokacin da ya ɗauke shi? Ba zan roƙi zaɓin Allah ba sannan in dawo ina gardama da shi."

Ya roƙa, ya sake roƙo, har ya ce a bar shi ya yi magana da mahaifiyarta. Dattijon yana murmushi yana girgiza kai, ba fushi ko kaɗan. Daga ƙarshe ma cewa ya yi a ƙara masa shinkafa. Da ƙyar Abdulbaƙi ya tsere wa wannan.

Yana ƙoƙarin tayar da babur sai ga Rahinatu da kofin ruwa. Ta ji komai, don ba nisa take ba. Ta rusuna ta miƙa masa, ta jira ya sha. Idonta a bushe yake.

"Malam, in tambaye ka?"

"Tambayi, ƙanwata."

"Abin da ka yi yau da safe, da ya sa na'urar ta karɓi na kowa. Aiki ne mai wuya?"

"A'a."

"Ya ɗauki lokaci?"

Ya so ya yi shiru, amma ya gaji da ƙarya. "Rubutun layi ɗaya ne."

Ta jinjina kai a hankali, ta karɓi kofinta. "Allah ya kiyaye hanya," ta ce, ta koma wurin sheƙa.

Da aka rufe rajista ya tashi aikin Ƙasimu. Ya tashi lafiya lau, ya ci gaba daga daidai inda ya kwanta, ko ɗigo bai ɓata ba. Bayan 'yan kwanaki ya gama da kansa, sunan ya bar allon gaba ɗaya. Abdulbaƙi ya kwafe sakamakon ya kai wa Hansai, ta yi godiya ta bayan labule, ta ce a ba yaro ya sa a akwatin babansu.

Ya koma Indabo da shekara ta zagayo, ya koma a ta bayanta. Kullum da fara'a ake karɓar sa, kullum amsar ɗaya ce. Labarin kuma ya bazu har Ɗankaza, sai dai ba yadda ya faru ba. Yanzu in ana zancen amana a bakin masallaci, bayan rumbun Malam Auwalu sai a kawo na ɗansa, wanda ya tsare aikin mamaci a cikin na'ura bai bari ko ƙuda ya sauka a kai ba. In yana wurin sai ya tashi ya ba su wuri, su kuwa su ce kunya ce irin ta mutanen kirki.

Har yanzu yana nan a ɗaki mai sanyi. Kullum da safe yana tuɓe takalmi ya rubuta haruffansa uku, kuma duk wanda ya gani a sama yana cin lomar da ta fi bakinsa lokacin rajista, ko wane ne, kwantar da aikin yake fara yi sannan ya kira a gaisa. Ranar Juma'a kuwa hanyarsa ta gida ta bakin kara take bi, inda ake cinikin dabbobi. Wani lokacin yakan hango Rahinatu ta kawo awakin matan Indabo, tana buɗe bakin wata tana duba haƙora, ko tana tsaye daga baya-baya tana kallon yadda malamin dabbobi yake yin allura. In ta gan shi ita take fara gaishe shi, har ƙasa, ta tambayi iyali, ta tambayi aiki. Shi kuwa wallahi ya gwammace ta zage shi.